Gadin Waya a Gyaɗi-Gyaɗi

Ƙarfe tara, titin Zariya ya fara lafawa,
masu a-daidaita-sahu na lissafin kuɗin mai,
mai shayin bakin layi ya rage wuta.
Ni kuma na tuɓe takalmi, na jawo kujera,
na zauna gadin waya.

Yau ba allura a hannuna, ba auduga.
Kunne kawai, da biro, da littafin da ba a sa suna.
Shekara sha tara ina ɗaura farar riga,
ban ga ciwon da ya iya ɓuya ba
kamar wanda ya lulluɓa da kunya.

Filashin farko daga wajen Sumaila.
Na bi kira. Iska, kukan akuya, numfashi.
"Anti, wai wani abokina ne."
To, yaushe abokin ya fara jin zafin fitsari?
"Kwana shida."
Can ya manta, ya ce, "Da safe ya fi damuna."
Ban kama shi ba.
Shi da abokin na zuba su a kwano ɗaya.

Ya riga ya shanye jarkar mai lasifika,
wadda aka ce tana korar cuta arba'in,
ya bi ta da kafso biyu na kemis.
Na ce gobe Laraba, ka nemi Malam Isyaku a sha-ka-tafi,
ba ya tambayar ɗan gidan wa,
ka ce Tasalla ce ta aiko ka.
Ita ma wadda ka sani, ciwon na jikinta,
kada ka warke ka bar ta a baya.

Sai saƙon murya daga Tsanyawa.
Ba ta iya boko ba, ta ce, shi ya sa.
Tana tsaye a kan suri bayan danga,
nan kaɗai sabis ke sauka a garinsu.
Jini ya wuce kwana goma bai ɗauke ba,
jiri na ɗibarta in ta sunkuya jan guga.
Wayar ta yayanta ce, ya tafi kallon ƙwallo.
"In kin ji ki goge, don Allah."
Na gaya mata inda za ta je, da abin da za ta ce,
da matar da za ta riƙe mata hannu.
Na goge.
Amma ina ake goge murya?

Sha ɗaya da rabi, wani dattijo,
sallamarsa ma da zafi ta iso.
"Ke ce mai buɗe wa yaranmu ido?"
Na ce Baba, a buɗe na same shi,
ni dai ina cire masa tsakuwa ne.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ya yi tsaki, ya kashe.
Minti bakwai, ga lambar ta dawo,
muryar ta sauko kamar an sauke tulu:
"Ɗana Lawwali zai yi aure bayan girbi.
Wannan gwajin jinin, ina ake yinsa
ba tare da an ji a majalisa ba?"
Na kwatanta masa hanya.

Akwai wadda ta yi filashin sau uku, ƙarfe biyu.
Na bi, ta ɗaga, ta ce, "Ni ce," sai ɗif.
Ko caji ne ya ƙare,
mai janareto kuwa sai hantsi yake buɗe rumfa,
ko wani ne ya turo ƙofa.
Na sake kira har sau tara,
wata mata a cikin na'ura na ba ni haƙuri.
Ban san garinsu ba, ban san sunanta ba,
kalma biyu kawai ta bar min ajiya.

Ladan ya yi kiran farko.
Na miƙa wa Uwani littafi da caja,
na fito, mai ƙosai na hura wuta.
A mota, ta kan gadar Ƙofar Nasarawa,
ina ta bitar lambar kamar hadda,
sifili takwas, sifili uku,
har kwandasta ya taɓa kujerata:
"Hajiya, kuɗin mota. Ko ba lafiya?"